Yadda Na Mayar da Gonar Surukina Ɗigo

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna ko gidan biki sai an sami wata ta rufe ido ɗaya, ta miƙo babban yatsanta saitin fuskata, mata su kwashe da dariya. Ni ma sai in yi yaƙe, don in ka nuna haushi ka ƙara musu gishiri. Amma bari in faro muku daga tushe.

Ni malamar zane ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata tsakanin Kura da Bunkure. 'Yar cikin birnin Kano ce ni, aure ne ya kawo ni ƙasar shinkafa da tumatir. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da tarewa ba, kuma iyakar sanina da noman rani shi ne a kawo kwandon kayan miya a dire mini a ƙofar ɗaki in ce an gode.

Duk wanda ya taɓa koyar da zane ya san cewa darasin nan maraya ne. In taron safe ya yi tsawo, lokacina ake ci. In baƙi za su zo ana son shara, ɗalibaina ake kwasa. In malamin lissafi bai gama ba sai ya ɗaga mini hannu ta taga, wai in ɗan jira, ai zane ne. Ba ni da ɗaki, ba ni da kabad. Fenti da burushi da takardu a cikin buhu nake yawo da su daga aji zuwa aji kamar mai tallan koli. In yara sun yi aiki sai mu shanya a baranda mu danne da duwatsu. Wata rana muna shanya akuyar maigadi ta zo ta cinye aikin aji guda, ta tafi da baki shuɗi. (Na kai ƙara, aka ce in yi haƙuri, dabba ce. Ni ban ce mutum ce ba.)

To ana nan sai aka gina mana sabon jerin azuzuwa, aka raba, ɗaki ɗaya ya yi saura. Ranar ban yi barcin rana ba. Na je wajen shugabarmu, Hajiya Rabi, na roƙe ta ɗakin nan kamar mai roƙon gafara. Ta ce Malam Nasiru mai kula da kayan makaranta ya riga ni, yana so ya tara karyayyun kujeru a ciki. Karyayyun kujeru fa! Ta ce ita ba za ta shiga tsakani ba, ƙungiyar iyaye da malamai ce za ta yanke a taron ƙarshen zango.

"Ki nuna musu amfanin zanen nan da idonsu," in ji ta. "Mutanen nan manoma ne, sai sun gani suke yarda."

A nan na yi murmushi a raina, domin shugaban ƙungiyar iyayen ba kowa ba ne illa surukina, mahaifin maigidana. Ba zan faɗi sunansa ba, ba mu faɗa, Baba nake ce masa. Dattijo ne mai tsayi, marar yawan magana. Kullum da safe nakan je in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani gefe, ni ma ina kallon ƙasa. Tun da aka kawo ni ba mu taɓa yin zancen da ya wuce gaisuwa ba. Duk da haka na ce ai tuwona maina, ɗakin nan na riga na samu. Abin da ya rage kawai in yi abin da zai sa ya yi alfahari da surukarsa a gaban jama'a.

Sai na yanke shawarar ni da 'yan aji uku za mu zana babban hoto a bangon sabon ginin. Na yi tunani sosai kan abin da za a zana, don na san inda nake. Na ce ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu, kada wani ya tashi ya ce ina koya wa 'ya'yansa zanen mai rai. Gonaki kawai za mu yi, da itatuwa, da kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani. Wa zai yi faɗa da hoton gona? Har yaba wa kaina na yi kan wannan hangen nesa.

Kafin mu taɓa bango dole in koya musu abu biyu: zanen kusa da nesa, da haɗa launi.

Na fara da na farkon. Na ja layi a allo na ce nan ne sama ta taɓa ƙasa. Na ɗiga alli a tsakiyar layin na ce wannan ɗigon shi ne makomar komai. Hanya, kanal, jerin itatuwa, duk abin da ya miƙe ya tafi nesa sai ya dinga tsukewa yana ƙanƙancewa har ya shige ɗigon nan ya ɓace. Na juyo ina jiran su ce sun gane, sai na ga ido kawai.

Wata yarinya mai suna Zuwaira, wadda ta fi kowa hannu a ajin kuma ta fi kowa gardama, ta ɗaga yatsa.

"Malama, amma fa kanal ba ya tsukewa haka. Ni na bi shi da ƙafa."

"Ban ce yana tsukewa ba, na ce ido haka yake gani."

"To in ido ya yi ƙarya, mu ma sai mu yi?"

Na ja numfashi. Na fitar da su waje, na ce kowa ta rufe ido ɗaya, ta miƙa hannu, ta rufe bishiyar mangwaron bakin titi da babban yatsanta. Suka yi, aka hau shewa, wai yatsa ya cinye mangwaro. Na ce to kun gani, abin da ke nesa yatsa ma rufe shi yake. Muka koma aji, na ba su aiki, suka kawo mini hanya mai faɗi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da bishiyar nesa ta fi ta kusa girma. Na tambayi dalili, suka ce ai a zahiri ta fi ta girma. Haka muka yi ta fama. Na faɗi kalmar ɗigo har ta zama sunana, in na wuce sai in ji ana raɗa "ga Malama Ɗigo nan". (Na ji, na yi kamar ban ji ba. Akwai malamin da suke kira Kwalbar Manja, don haka ni na tsira da sauƙi.)

Darasin launi kuwa wani sabon ciwon kai ne. Na ce musu launuka uku ne iyaye, ja da rawaya da shuɗi, sauran duk 'ya'yansu ne. Suka ce ina aka bar ruwan hoda, da ruwan goro, da ruwan zuma, da ruwan ƙwai, da ruwan albasa? Yaran nan sun san sunan kowane launi da ke jikin atamfa, kuma a kan bambancin ruwan bula da ruwan sararin samaniya sai da biyu suka daina magana da juna. Da ƙyar na shawo kansu suka haɗa rawaya da shuɗi suka ga kore ya fito, sai ga su suna salati. Na nuna musu cewa in ka ajiye ja kusa da kore kowanne sai ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, shi ya sa nunannen tumatir a jikin ganyensa yake ɗaukar ido. Sannan na ba su ƙa'ida ta ƙarshe, wadda na sa suka maimaita da ƙarfi: abin da ke kusa launinsa a cike yake, abin da ke nesa launinsa kodewa yake, sai a sirka shi da toka-toka.

Da na ga sun ɗan kama hanya, sai na ɗebe su wata safiya muka tafi kan gadar da ke bisa ƙofar ruwa, inda ake sako ruwan kanal. Dalilina na zaɓar wurin bai wuce biyu ba: ya fi kusa da makaranta, kuma daga nan kanal ɗin ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula. Daga hannun dama, dab da ƙafafunmu, ga wata gona shar da ita, tumatir ya nuna jajir, ga ɗakin injin ban-ruwa an shafe shi da koren fenti. Can ƙarshen gani kuma, inda kanal ya zama zare, ga wasu giginyu biyu a jere kamar tagwaye. Na yi tafi don murna. Na ce ga ɗigonmu can Allah ya dasa mana, daidai gindin giginyun nan komai zai ƙare.

Na lura yaran sun kalli juna, amma na ɗauka rana ce ta dame su.

Yanzu bari in gaya muku abin da kowa a garin ya sani har yaron goye, ban da ni. Kanal ɗin nan guda ɗaya ne, kuma na bakin ƙofa su ke fara sha. In rani ya yi nisa sukan jera buhunan ƙasa su tare ruwan, su cika gonakinsu, sai abin da ya tsallake ya gangara wa na ƙarshe, in ya tsallake ke nan. Shekara da shekaru ana wannan rigima, an je gaban dagaci an dawo ba adadi. Gonar nan mai koren ɗakin inji ta Alhaji Sabo ce, mai injin casar shinkafa, jagoran mutanen bakin ƙofa. Gonar tagwayen giginya kuwa ta jagoran mutanen ƙarshen kanal ce, wato Baba. Na sha jin hayaniya daga zaure bayan la'asar, ana ambaton ruwa da buhuna da sunan Alhaji Sabo, amma na ɗauke shi zancen maza na ci gaba da tankaɗena. Tumatirin gonar nake ci kullum, ban taɓa tambayar ta ina take ba.

Muka hau aikin bango. Na raba wa kowa yankinta, na ba Zuwaira ɓangaren nesa saboda hannunta ba ya rawa. Na tafi duba masu haɗa kore, da na dawo sai na tarar ta zana giginyun nan zanƙala-zanƙala, tsawon kamu guda, kore shar, ga ruwa shuɗi ya malale a gindinsu.

"Zuwaira, mene ne wannan?"

"Giginyu ne, Malama."

"Na san giginyu ne. Ina ƙa'idar da muka yi wata guda muna yi? Goge."

Ta goge, ta sake, ta ɗan rage musu tsawo kaɗan kamar mai rage farashi. Na ce ta sake. Ta tsaya tana juya burushi a hannu.

"Malama, gonar nan fa ta…"

"Ban tambaye ki tarihin gona ba. Ko ta gwamna ce, in tana nesa ƙanƙancewa za ta yi."

"Wallahi Malama za a yi magana."

"A yi! Ba ni burushin."

Kun ji fa, da bakina na ce a yi. Na karɓi burushi da hannuna, na mayar da giginyun nan kamar tsinken ashana biyu. Na ja kanal ya tsuke, ya tsuke, ya zama silin gashi, ya ƙare kafin ma ya kai gindinsu. Na haɗa kore da toka-toka na shafa wa gonar, na ja da baya na duba, na ga bai kode sosai ba, na ƙara toka. Gonar gaba kuwa muka zuba mata ja da kore ba ƙyashi, kowane tumatir ya kai girman kan jariri. Ba yabon kai ba, hoton ya yi kyau. In ka tsaya gabansa sai ka ji kamar ka taka ka shiga. Na kawo zannuwan gadon aurena guda biyu muka rufe shi, kada a gani kafin ranar.

Ranar taro aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba. Dagaci ya zo, iyaye maza suka cika gaba da manyan riguna, mata suka zauna daga gefe. Baba yana kan teburin manya, Alhaji Sabo yana ɗaya ƙarshen teburin, Hajiya Rabi a tsakaninsu. (Sai daga baya na gane ba don girmamawa aka sa ta a tsakiya ba.) Ni kuwa na ci leshina mai tsada, na yafa mayafi, ina ta sunkuyar da kai irin na surukar kirki, alhali a raina har na gama tsara inda zan sa kabad a ɗakin.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, Malam Nasiru ya tashi ya yi bayanin kujerunsa har mutane suka fara hamma. Sannan Hajiya Rabi ta ce yanzu malamar zane za ta nuna abin da 'ya'yanku suka koya. Na yi wa yara alama, suka janye zannuwan.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kyan hoton ne ya ɗaure musu baki, har na fara gyara mayafi.

Sai Alhaji Sabo ya miƙe, ya tura hula gaban goshi, ya buɗe hannuwa.

"Masha Allahu! Kai, masha Allahu! Jama'a ku dubi tumatir! Malama, Allah ya yi miki albarka, ai wannan gonata ce sak. Har ɗakin injina!"

Daga bayan rumfa wani tsoho ya taso yana dogara sanda, ya matso ya ƙura wa bangon ido.

"To mu ina namu ruwan?" ya ce. "Ku duba fa, ruwan ya ƙare tun kafin ya iso giginya. Ashe ko a bango ma an hana mu!"

Kan ka ce kwabo rumfa ta rabu biyu. Wannan na cewa an shafa wa gonakinsu toka kamar cuta ta cinye su, wancan na cewa wa ya ba da kuɗin fenti a bincika, wani na rantsuwa da gangan aka yi. Mutanen bakin ƙofa kuwa sai dariya suke suna tafawa. Ni har lokacin ban gane gonar wa ake nufi ba. Abin da na gane kawai shi ne ana zagin aikina, kuma mutanen nan ba su san ƙa'idar zane ba. Raina ya ɓaci. Mai hankali da ta koma cikin mata ta zauna. Ni sai na taka na karɓi abin magana daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, ku saurara," na ce, lasifika ta kai muryata har bakin titi. "Ba son kai a cikin wannan aikin. Ƙa'ida ce. Duk abin da yake kusa dole ya fi girma, ya fi cika, ya fi launi. Duk abin da yake can ƙarshe dole ya ƙanƙance, ya kode, daga nan ya ɓace gaba ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka yake a littafi, haka ake koyarwa a duk duniya. Wanda ke ƙarshe sai haƙuri."

Abin nema ya samu. Alhaji Sabo ya juya ga dagaci yana nuna ni da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ka ji ko? Shekara nawa ina faɗa? A littafi ma haka yake! Kuma ba bare ce ta faɗa ba, surukar gidansu ce!"

Surukar gidan wa? Na waiga wajen ɗalibaina. Zuwaira ta rufe fuska da hijabi, ta leƙo da ido ɗaya, ta motsa baki ba sauti: gonar Baba ce.   Abin maganar nan yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi, sai na ɓoye shi cikin mayafi, ya dinga watsa wa jama'a ƙarar numfashina.

Duk wannan hargitsi Baba yana zaune a kujerarsa. Sai yanzu ya tashi a hankali, jama'a suka buɗa masa hanya. Ya je gaban bango, ya ciro tabarau daga aljihu ya saka, ya sunkuya yana nema kamar mai neman allura. Da ya samo giginyunsa, sai ya ɗora babban yatsansa a kai. Yatsan ya rufe giginyun, ya rufe gonar, har da ta maƙwabcinsa. Ya daɗe a haka. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bai kalle ni ba, don ko a gida ba ya yi. Ya juya wajen Hajiya Rabi.

"Hajiya, a tambayar mini malamar nan, daga ina aka tsaya aka yi wannan kallon?"

Ina tsaye kusa da shi, taku kaɗan tsakaninmu, amma sai da Hajiya ta maimaita mini tambayar. Na durƙusa a wurin, da leshina da komai, na ce da muryar da ni kaina ban san ta ba, "Daga kan gadar ƙofar ruwa ne." Abin maganar da ke cikin mayafina ya kai wa kowa.

"To," in ji Baba. "Malama ba ta yi ƙarya ba. Daga can haka ake ganinmu." Ya cire tabarau ya mayar aljihu. "Ginin nan na ga yana da wani bangon ta baya. A je a tsaya gindin giginya a zano abin da ake gani daga can. In an gama sai mu zauna kan maganar ɗaki."

Dagaci ya ce hakan ya yi. Aka shafa fatiha aka watse, Malam Nasiru ya wuce ni yana kaɗa makullai.

Kada ku tambaye ni yadda na kwana. Maigidana da ya ji labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, na ce in bai daina ba, zan tafi gidanmu, ya ce in na yi nisa zan ƙanƙance. Washegari kuma dole na je gaida Baba kamar kullum. Na durƙusa, ya amsa kamar kullum. 

Ranar Asabar muka cika adaidaita-sahu biyu da yara da takardu, muka bi gefen kanal. Tafiya ta yi tafiya. Ina kallo ruwan yana raguwa, daga mai gudu ya koma kwantacce, daga kwantacce ya koma taɓo. Da muka sauka gindin giginyun, na ɗaga kai ban ga ƙarshensu ba sai da mayafina ya zame. Ga gonar Baba, faɗinta ya ninka abin da na zata, an gyara kunyoyi tsaf, amma ganyen tumatir ya yi laushi ya sunkuya, 'ya'yan ƙanana. Cikin kanal ɗin kuwa ƙasa ce ta dare, sai busasshiyar ciyawa da wani takalmin roba ƙafa ɗaya.

Na sa yara suka ja layin sama da ƙasa, suka sa ɗigo. Zuwaira ta nuna mini wata gonar albasa a gefe ta ce ta babanta ce, ita ce yatsan Baba ya haɗa ya rufe. Ba ta faɗa da fushi ba. Ta buɗe gwangwanin shuɗi, ta dubi kanal, ta dube ni.

"Malama, wane launi za mu sa wa ruwan?"

Na tsaya ina kallon busasshen ramin nan. Wata guda na yi ina yi wa yarinyar nan tsawa kan ta kodar da gonar ubanta don hoto ya yi kyau. Kunyar da na ji a taro ta mutane ce, wannan kuwa tawa ce ni kaɗai, kuma ta fi nauyi. Na ce ta rufe shuɗin, ta haɗa ruwan ƙasa.

Haka muka zana bango na biyu. Giginyu suka tashi har rufin kwano, kanal ya fito da faɗinsa da tsagewarsa, ba mu ƙara ba mu rage ba. Shuɗi sai can nesa, ɗan siriri. A ƙarshensa kuma ɗakin injin Alhaji Sabo, wanda na bar wa Zuwaira ta yi da hannunta. Ta ɗiga shi da bakin tsinke, ta ja da baya ta duba.

"Malama, in ƙara masa toka?"

"Ƙara," na ce. "Ƙa'ida ce."

Ba zan ce muku zane ya kawo ruwa ba, har gobe ana rigimar buhuna. Sai dai yanzu in ma'aikatan ruwa sun zo gari, mutanen ƙarshen kanal sukan ja su har bayan ginin nan su nuna musu. Alhaji Sabo kuwa in ya zo makaranta ta gaba yake tsayawa.

Aka kwana biyu ban ji komai game da ɗaki ba, har na fitar da rai na ɗinke buhuna da ya yage. Sai wata yamma maigidana ya shigo da ɗan kwando ya dire a gabana yana danne dariya. Tumatir ne, ƙanana ƙwarai, kowanne bai fi goro ba.

"Baba ya ce a kawo wa malama," in ji shi. "Ya ce a ba ki haƙuri da ƙanƙantarsu, daga nesa suka taho."

Na juye su a faranti ina cizon leɓe, sai na ji wani abu ya yi ƙara. Makullin ɗakin ne a ƙasan kwandon, an ɗaura masa ɗan zare.

Yanzu ina da ɗaki, ina da kabad, akuya kuma sai dai ta leƙo ta taga. Har yau ina koyar da ɗigo, don ƙa'ida ba ta canza ba. Abin da na ƙara kawai shi ne, kafin in ce wa yara ga inda komai zai ɓace, sai na fara tambaya a hankali: can ɗin gonar wa ce? In kuma yarinya ta ce mini "Malama, za a yi magana," to wallahi ajiye burushi nake in ja kujera.